Dokin da mahaifina ya bar mini yana tari yana haki, shin fuka ce?

Assalamu alaikum. Ina da ingarman doki, kili, shekararsa 13. Mahaifina ne ya rasu ya bar mini shi. Hunturun bara ya fara wani busasshen tari, musamman da safe idan an zuba masa harawa. Da damina ta sauka muka kai shi gona aka ɗaure shi a talala, sai ya warware kamar ba shi ba. Bana tarin ya dawo, ya fi na bara. Ko a tsaye yake za ka ga cikinsa yana bugawa, ƙofofin hancinsa a buɗe, kuma ya rame duk da yana ci. An yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta har sau uku, ba canji. Bargarsa ɗaki ne mai taga ɗaya, a kusurwar ɗakin muke jibge harawa, da dare kuma yaron da ke kula da shi yana hura masa wuta saboda sanyi. Baffana ya ce fuka ce, ba ta warkewa, in nemi allurar da za ta kwantar da hakin in kai shi kasuwa kafin a gane. Ni kuwa ina so in hau shi da Sallah, saura wata biyu, don a kansa na saba ganin mahaifina. Ya zan yi in tabbatar da abin da ke damunsa? Kuma zai shafa wa wasu dawakin?

Daga wani mai karatu a Katsina.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa ya huta, Ya ba ka ikon riƙe amanar da ya bari.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar gona. Doki ya yi hunturu yana tari a ɗaki, an fitar da shi fili da damina ya warware, an mayar da shi ɗaki tarin ya dawo. Wannan kaɗai ya fi allurai ukun nan ba da labari. Baffanka yana da gaskiya a rabin maganarsa: alamun da ka zayyana sun yi kama ƙwarai da fuka mai tsanani, wadda likitoci ke kira asmar dawaki. Amma ba a yanke hukunci daga wasiƙa, don akwai cututtuka da dama da ke shigowa da irin wannan riga, kuma wasunsu suna kisa. Sauran rabin maganar Baffa kuwa zan dawo kanta.

Bari mu fara da yadda abin yake faruwa a cikin ƙirjinsa. Doki ba ya numfashi ta baki kamar ni da kai, ta hanci kawai yake yi, kuma hancin nan a cikin abinci yake wuni. Harawar gyaɗa ko ta wake da ruwan ƙarshen damina ya taɓa, ko wadda aka ɗaure da sauran danshi a jikinta aka jibge, tana yin fumfuna a ciki ko da wajenta ya yi kyau. Idan doki ya cusa baki ya fizgo, ƙurar da ke tashi tana ɗauke da ƙwayoyin fumfuna irin su Aspergillus fumigatus, da guntayen ƙwayoyin cuta, da garin ganye. Manyan ƙwayoyin ƙura hanci yana tare su. Ƙananan, waɗanda ido ba ya gani sai in hasken rana ya keto ta taga, su ne ke wucewa har can cikin ƙananan hanyoyin iska na huhu. A jikin wasu dawaki ba abin da ke faruwa. A jikin wasu kuwa sai garkuwar jiki ta ɗauki abin da zafi: bangon hanyoyin ya kumbura, kaki mai kauri ya taru, tsokar da ke zagaye da su ta matse. Iska tana shiga da ɗan sauƙi, fitar da ita ne aiki. Shi ya sa kake ganin cikinsa yana bugawa, da tsokar ciki yake matso iskar waje.

Gobe da safe ka tsaya gefensa ka dubi kwiɓinsa da kyau. Doki mai lafiya yana fitar da numfashi a hankali, da ƙyar za ka lura. Mai fuka yana yi kashi biyu a fili: haƙarƙari su sauka, sannan ciki ya ƙara matsawa kamar ana tatsar wani abu. Idan ya daɗe a haka, tsokar cikin tana kauri har ta fitar da wani layi a jikinsa, ya taso daga wajen kwiɓi ya gangaro gaba ta ƙasan haƙarƙari. Wanda ya taɓa ganin layin nan sau ɗaya ba ya mantawa. Ramar kuma ba ta yunwa ba ce. Ƙarfin da abinci ke ba shi a numfashi yake ƙarewa, dare da rana.

Ciwon tsoho ne, ba na wuri ɗaya ba. Mutanen Ingila sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiransa da wani suna mai ma'anar karyayyen numfashi. Daga baya likitoci suka ara masa sunan ciwon huhun da ke kama masu shan taba, sai suka gane kwatancen bai yi daidai ba, domin na doki yana lafawa idan an raba shi da abin da ke tayar masa. A 2016 ne ƙwararrun likitocin dabbobi suka tara nau'o'insa a ƙarƙashin suna ɗaya, asmar dawaki, suka raba ta gida biyu. Akwai mai sauƙi, wadda ke kama doki kowace shekara yake, har da matasan dawakin sukuwa da na folo. Ita ba ta nunawa a tsaye, sai dai ɗan tari jefi-jefi da saurin gajiya. Akwai kuma mai tsanani, wadda galibi ke bayyana bayan doki ya wuce shekara 7, tana sa haki ko ba a hau shi ba. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2007 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na dawakin ƙasar suna da mai tsananin. A can busasshiyar ciyawa da zaman barga lokacin sanyi ne ke jawo ta. A kudancin Amurka, jihohi irin su Luwiziyana da Fulorida, akwai wani nau'in da ke tashi da zafi a makiyaya. Mu a nan, harawa, rufaffen ɗaki, hazon hunturu da hayaƙi sun haɗu a wata uku ko huɗu na shekara. An kuma tabbatar akwai gado a ciki, saboda haka idan kana da niyyar ba da shi barbara, ka yi tunani.

Tambayarka ta ƙarshe mai sauƙi ce: fuka ba ta yaɗuwa daga doki zuwa doki. Idan ka ga dawaki biyu a barga ɗaya suna yi, iska ɗaya suke shaƙa.

To, yaya za a tabbatar? Akwai aikin da kai za ka yi, akwai na likita.

Naka shi ne ka nemi ƙaramin littafi da ma'aunin zafin jiki, ka yi kwana bakwai kana rubutu. Safe da yamma, lokacin da yake a natse, ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Mai lafiya yana yin tsakanin 8 zuwa 16. Ka auna zafin jikinsa ta dubura, daidai shi ne daga digiri 37.5 zuwa 38.5 a ma'aunin Salsiyas. Ka rubuta lokacin da tarin ke zuwa: da an zuba harawa ne, da ana shara ne, ko da an fara kilisa? Ka dubi majinar, fara ce mai ɗan kauri daga hanci biyu, ko rawaya ce mai wari? Ka shafa ƙasan muƙamuƙinsa ka ji ko akwai kumburi. Wannan littafin ba ƙaramin taimako zai yi wa likita ba, domin mai fuka yawanci ba shi da zazzaɓi, idonsa a buɗe yake, yana cin abincinsa, numfashin kawai ke wahalar da shi. Zazzaɓi yana nuna wata hanyar daban.

Ga waɗanda ake gudun kada a rikita su da fuka. Murar dawaki tana zuwa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, ta bi dawakin unguwa cikin kwanaki. Masu dabbobi ba su manta da wadda ta ɓarke a ƙarshen 2018 zuwa 2019 ba, ta ratsa Sakkwato da Nijar har Senegal, ta kashe dubban jakuna. Akwai ciwon da ke kumbura ƙasan muƙamuƙi ya fashe da mugunya, mai saurin yaɗuwa. Akwai ciwon dawaki na Afirka da ƙananan ƙwari masu cizo ke kawowa, wanda ke kumbura saman idanu, ya cika huhu da ruwa, ya iya kashewa cikin kwanaki kaɗan. Akwai limoniya, akwai ciwon zuciya a tsofaffin dawaki. Naka ya shekara biyu yana zuwa yana tafiya da yanayi, wannan ba halin waɗannan ba ne. Amma akwai ɗaya da nake so ka sa wa ido, saboda a ƙasarmu doki da jaki sukan yi kiwo wuri ɗaya: tsutsar huhu. Jaki yana ɗauke da ita bai damu ba, yana zubar da ita a kashinsa, doki ya ci ciyawar wurin ya kamu da tari mai naci wanda ba ka iya bambanta shi da fuka da ido. Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne sau da yawa ba a ganinta a kashin dokin, sai a na jakin. Idan a gonar da kuka kai shi akwai jakuna, ka gaya wa likita. Maganin tsutsa irin aibamektin yana kashe ta, kuma zai zama abin takaici a yi ta fama da fuka alhali tsutsa ce.

Likitan da ya san aikinsa zai fara da tambayoyi kafin ya taɓa allura. Zai shiga bargar da kansa, ya buɗe damin harawa ya shinshina. Zai sa abin sauraro a ƙirji da maƙogwaro yana neman ƙarar fito da ƙarar kaki. Huhun doki babba ne, a tsaye ba kullum ake jin komai ba, don haka yakan sa masa babbar leda a hanci na ɗan lokaci ya shaƙi iskar da ya fitar, abin da ke tilasta masa jan dogon numfashi. Kada ka tsorata in ka ga haka. Mai lafiya ana cire ledar zai ja numfashi kaɗan ya dawo daidai, mai fuka kuwa tari zai turnuƙe shi, ya daɗe bai daidaita ba. Wani gwajin kuma shi ne a yi masa allurar da ke sakin tsokar hanyoyin iska nan take. Idan cikin mintuna hakin ya ragu a fili, an san matsewa ce ba ruwa ko mugunya ba. Gwajin jini ba ya nuna fuka kai tsaye, amfaninsa shi ne ya kore sauran cututtukan.

Gwajin da ya fi kowanne tabbaci shi ne wankin huhu. A ba doki maganin da zai natsar da shi yana tsaye, a zura siririn bututu mai tsawon kusan mita 3 ta hanci har cikin huhu, a tura ruwan gishiri na asibiti kamar mililita 250 zuwa 500, a zuƙo shi, a duba a madubin likita. Abin da ake ƙirgawa wasu fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira niyutirofil. A huhu mai lafiya ba su wuce kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyin da aka gani ba, a fuka mai tsanani suna haura kashi 25. Idan akwai bututu mai kyamara, ana kuma leƙa maƙogwaro a ga yawan kakin da ya kwanta. Ba kowane asibitin dabbobi ke da waɗannan kayan ba. Ka tambayi likitanka ko zai haɗa ka da asibitin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a ji abin da za su iya yi. Sai dai ba a ɗora dokin da ke haki sosai a mota a yi doguwar tafiya da shi, kuma ba a yi masa wankin huhu sai ya ɗan lafa.

Idan hakan bai samu ba, kada ka karaya. Doki mai shekara 13, mai haki a tsaye, ba zazzaɓi, wanda ke warwarewa a fili, likita zai iya gane shi da tarihi da dubawa. Kuma akwai gwajin da ke hannunka, wanda shi ne kuma maganin.

Yau ɗin nan ka fitar da shi daga ɗakin. Ka kafa masa turke a tsakar gida ko bayan gida, ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe, a kare ɓangaren arewa maso gabas da zana saboda iskar hunturu. Na san abin da za ka ce, sanyi. Sanyin Katsina ba ya cutar da doki kamar yadda hayaƙi ke cutar da shi. In ya yi tsanani da asuba, ka lulluɓa masa bargo ko tsohuwar jalala. Yaron nan da ke hura wuta tausayi ne ya sa shi, kada ka yi masa faɗa, ka zaunar da shi ka nuna masa cikin dokin yana bugawa, ka ce masa hayaƙin ne ke ƙara shi. Shi ne mai kwana da dokin, idan bai gamsu ba duk abin da ka tsara zai rushe ranar da ka yi tafiya.

Harawa kuma ta bar kusa da shi gaba ɗaya. Ka buɗe kowane dami ka duba. Wadda ta yi baƙi-baƙi, ko fari-fari kamar an barbaɗa toka, ko take warin ɗaki da aka daɗe ba a buɗe ba, ba tasa ba ce, komai arharta. Mai kyan ma sai an jiƙa. Ka samu rabin duro, ka nutsar da abin da zai ci a lokaci ɗaya cikin ruwa mai tsabta na minti 10 zuwa 30, ka tsame ka ba shi da danshinta. Nutsarwa na ce, ba yayyafi ba, domin yayyafi saman kawai yake jiƙawa. Kada ka bar ta ta kwana a ruwa, amfaninta zai zube ta kuma yi tsami, kada kuma ka bari ta bushe a gabansa, ƙurar za ta dawo. Haka ingirici. Dusa da hatsi a dama su da ruwa. A zuba masa a ƙasa-ƙasa ya ci kansa a sunkuye, don kakin ya riƙa gangarowa, a daina rataya masa jakar abinci a baki. Lokacin shara a janye shi nesa, a yayyafa wa ƙasa ruwa, sai ƙura ta kwanta a dawo da shi. A riƙa kwashe wurin fitsari kullum, warin nan da ke sa ido hawaye yana ƙona hanyoyin iska.

Idan fuka ce, cikin mako ɗaya zuwa uku za ka ga adadin da ke littafinka yana sauka. Amma ka sani dami ɗaya na busasshiyar harawa mai fumfuna ya isa ya mayar da shi inda ya fito cikin kwanaki kaɗan. Baffa ya yi gaskiya da ya ce ba ta warkewa, domin jikin dokin ba zai daina ƙin wannan ƙura ba har ƙarshen rayuwarsa. Abin da bai faɗa ba shi ne doki mai fuka yana iya shekaru yana numfashi lafiya, ana hawansa, muddin ba a mayar da shi cikin abin da ke tayar masa ba. Jinkiri ne ke ɓata lamarin, don duk hunturun da ya yi yana haki tsokar hanyoyin iskar tana ƙara kauri, kuma ba duka ke komawa ba.

Allurar kashe ƙwayoyin cuta ta isa haka, fuka ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba. Magungunan da ke aiki iri biyu ne: masu kwantar da kumburi, irin su dekzametazon da firednisolon, da masu buɗe hanyoyin iska, irin su kilenbutarol da salbutamol. Na ambace su don ka gane abin da likita zai rubuta, ba don ka aika a sayo a kasuwa ba. Dekzametazon yana danne garkuwar jiki, idan ashe limoniya ce zai ƙara mata ƙarfi, kuma a wasu dawakin ana tsoron ya jawo kumburin cikin kofato, ciwon da ke iya gurgunta doki. Mai buɗe hanyar iska shi kaɗai kuma yana ba da sauƙi ne kawai, ba ya taɓa kumburin, kuma in ana ba da shi kullum ƙarfinsa yana raguwa. Duk ranar da ka ga numfashinsa ya haura 40, ko dasashinsa ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya ƙi abinci, ko zazzaɓi ya shigo, ba a jiran safiya, a kira likita.

Yanzu maganar kasuwa. Allurar da Baffa yake nufi tana nan, tana kwantar da haki na wasu kwanaki. Amma kai ma ka san hukuncin sayar da kaya a ɓoye aibinsa, ba sai na tuna maka ba. Ka kuma dubi inda dokin zai faɗa: hannun wanda bai san yana da fuka ba, zai kulle shi a ɗaki, ya zuba masa busasshiyar harawa, ya yi sukuwa da shi. Wannan zalunci biyu ne, ga mutum ga dabba. Ba na ce ka ja da Baffanka ba, matsayin uba yake gare ka, kuma wataƙila asarar da yake hango maka ce ta sa ya faɗi haka. Ka je ka same shi cikin ladabi, ka ce masa: Baffa, a ba ni wata ɗaya in gwada abin da likita ya ce, in bai yi ba mu sake zama. Idan daga baya ɗawainiyar ta fi ƙarfinka, babu laifi ka sayar ko ka bayar, amma ka faɗi gaskiyar ciwon, ka zaɓi wanda ke da fili.

Hawan Sallah kuwa, na fahimci abin da yake nufi a wurinka, kuma ba zan ce maka ka cire rai ba. Wata biyu lokaci ne mai ɗan dama idan ka fara yau, ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ka tuna dokin da ke sukuwa yana jan numfashi ɗaya a kowane tsalle, yana shigar da iska fiye da lita 1,500 a minti ɗaya, kuma filin hawa ƙura ce zalla da hayaƙin bindiga. Saboda haka ga sharaɗin da nake ba ka: sai numfashinsa a tsaye ya dawo ƙasa da 16 ya zauna a haka na mako biyu a jere, tarin ya tsaya, ya iya kilisa a hankali ba tare da haki ba, likita kuma ya sake sauraron ƙirjinsa ya amince. In an cika waɗannan, ka hau shi da kaya marasa nauyi, majayi ba a matse ba, ka yi tafiyar taƙama a gefen da ƙura ba ta yi yawa ba, ban da sukuwa bana. In ba a cika ba, ka ari wani dokin, shi kuma ka yi masa wanka da safiyar Sallah ka bar shi a rumfarsa.

Bayan mako uku ka rubuto mini da abin da ke cikin littafin, adadin ranar farko da na ranar ƙarshe, da abin da likita ya ji a ƙirjinsa, da kuma ko akwai jakuna a gonar. Allah Ya ba shi lafiya.